Nazarin Lamari: Zaren Fatsa da Ya Lalace Tun Kafin Ya Shiga Ruwa

Wannan nazari ya shafi wani masunci mai kamu da fatsa ta zamani, wato sanda mai zobba a jikinta da na'urar naɗe zare a gindinta, wanda zarensa ya riƙa tsinkewa a kai a kai tsawon watanni ba tare da ya gano dalili ba. Mutumin ya daɗe a harkar, ya iya ƙulli, ya san ruwan da yake kamu a ciki, kuma a nasa ganin yana bin shawarar da aka saba bai wa masu fatsa cewa kada zaren nailan ya wuce shekara guda a kan na'ura ba a sauya shi ba. Abin da ya sa lamarin ya cancanci a tsaya a kansa ke nan, domin mutum ne da yake ganin ya kiyaye ƙa'idar sauya zare, amma duk da haka ya riƙa kamu da ruɓaɓɓen zare.

Yadda abin ya faro

Masuncin ya sayi babban kwarkwaron zaren nailan mai tsawon mita 1,000 da kaurin milimita 0.35, wanda aka rubuta a jikinsa cewa yana jure nauyin kilo 8 kafin ya tsinke. Ya cika na'urarsa daga ciki, sannan ya ɗora ragowar a bakin tagar ɗakin da yake tara kayan aiki, saboda nan ne ya fi kusa da hannu. Tagar tana da gilashi, kuma rana tana bugunta sa'o'i da dama kowace rana. Sandunan kuwa sau da yawa a cikin mota suke wuni, da na'urorinsu a ɗaure, don kada ya sha wahalar lodi duk lokacin da zai fita.

A shekarar farko babu abin da ya faru. Al'adarsa ita ce idan ya ga zaren da ke kan na'ura ya ragu ko ya soma kaushi, sai ya warware kimanin mita 50 na sama ya yar, ya ƙulla sabo daga babban kwarkwaron ya cike gurbin. Dabara ce da masu fatsa da yawa ke yi, kuma tana da hujja, tunda zaren da ke can ƙasan na'ura ba ya cika fita ruwa. A shekara ta uku ne tsinkewa ta fara yawa. Wani lokaci zaren yakan katse yayin jifa, dalma da ƙugiya su tafi su kaɗai. Wani lokaci a daidai fizgar da ake yi don ƙugiya ta kama bakin kifi. Sau da dama kuma da kifin da bai kai rabin nauyin da aka rubuta a jikin zaren ba. Duk lokacin da haka ta faru sai ya koma gida ya ƙara sabon zare daga kwarkwaron nan, matsalar kuma sai ta dawo, har ma ta fi ta da.

Da farko ya zargi ƙullinsa, ya sauya salon ƙulli. Daga baya ya zargi kamfanin da ya yi zaren. A ƙarshe ya kwashi sandar da na'urar da babban kwarkwaron, da guntayen zaren da suka rage masa bayan tsinkewa, ya kai wa wani dattijon masunci da ya daɗe yana gyaran na'urorin naɗi.

Abin da bakin zaren ya nuna

Mai gyaran bai taɓa na'urar ba sai da ya gama duba guntayen, domin bakin zaren da ya rabu yana faɗin yadda aka yi ya rabu. Idan bakin ya kanannaɗe ya yi 'yar lanƙwasa, zaren bai tsinke ba, ƙulli ne ya zame ya kwance, kuma laifin yana hannun mai ƙulli. Idan bakin ya yi sumul kamar an yanke, a daidai ƙulli ko dab da shi, to zaren ya yi gautsi, ko kuma ya ƙone lokacin da aka ja ƙullin a bushe, saboda gogayyar nailan da nailan tana haifar da zafi, shi ya sa ake jiƙa ƙulli kafin a ɗaure shi. Idan kuwa bakin ya baje ya yi gashi-gashi, kuma akwai kwarzane a jikin zaren kafin wurin, to wani abu mai kaifi ne ya ci shi a hankali.

A cikin guntayen da aka kawo babu ko ɗaya mai kanannaɗaɗɗen baki, wanda ya wanke ƙullin masuncin daga zargi. Mafi yawansu masu sumul ɗin baki ne, kaɗan kuma masu gashi-gashi, kuma waɗannan na biyun duk sun tsinke ne 'yan mitoci sama da ƙugiya. Wannan ya nuna cewa matsala biyu ce ta haɗu a wuri ɗaya, kuma ɗayar tana ɓoye ɗayar.

Daga nan aka koma kan babban kwarkwaron. A ido, daga nesa, lafiyarsa ƙalau. Da aka juya shi a hannu sai aka ga gefe ɗaya ya dushe ya rasa ƙyalli, kamar zanen da aka manta a kan igiyar shanya, wanda ɓangaren da ke fuskantar rana ya koɗe ya bar ɗayan. Mai gyaran ya warware 'yan mitoci, ya ja su tsakanin babban yatsa da manuni, sai wani farin gari ya maƙale masa a yatsu. Ya shimfiɗa zaren a kan baƙin ƙyalle, aka ga wurin da ya dushe da wurin da yake ƙyalli suna bin juna a jere, kowane zagaye ɗaya na kwarkwaron da rabinsa da ya sha rana. Ya yi ƙulli guda na talaka a wurin da ya dushe, ya ja da hannu biyu ba da ƙarfi ba, zaren ya katse. Irin wannan ƙulli yana rage ƙarfin ko da lafiyayyen nailan ne da kusan rabi, amma zare mai kilo 8 da ke da lafiya ba zai katse a hannu cikin sauƙi haka ba, zai fara shiga fatar yatsa tukuna.

Don a fita daga zato, aka gwada da sikeli mai ƙugiya. An naɗa bakin zaren sau da yawa a jikin ƙarfe mai santsi maimakon a ƙulla shi, saboda ƙarfin zaren ake nema, kada ƙulli ya shiga lissafin. An kuma jiƙa samfuran a ruwa na sa'o'i biyu kafin gwaji, tunda nailan yana shan ruwa kuma ƙarfinsa yana ɗan raguwa idan ya jiƙu. Ƙungiyar IGFA, wadda aka kafa a 1939 kuma take ajiye tarihin manyan kifayen da aka kama da fatsa, ita ma a jiƙe take gwada zaren da ake aika mata. Samfurin da aka ɗauka daga shimfiɗar sama ta babban kwarkwaron bai kai rabin kilo 8 ba ya tsinke. Da aka warware shimfiɗu da dama aka ɗauko daga ciki, sai ƙarfin ya matso kusa da abin da aka rubuta. Tsohon zaren da ke can ƙasan na'urar, wanda tun ranar farko yake wurin, ya fi wanda masuncin yake kira sabo ƙarfi nesa ba kusa ba.

Lissafin da ke bayan wannan mai sauƙi ne. Kwarkwaro mai faɗin santimita 8 yana ɗaukar zagaye kusan 230 na zare mai kaurin milimita 0.35 a shimfiɗa guda, kuma idan kowane zagaye ya kai santimita 25, shimfiɗar sama kaɗai ta haura mita 50. Ke nan duk lokacin da masuncin ya ɗebi mita 50 don cike na'urarsa, shimfiɗar da ta yi watanni tana shan rana yake kwashewa cif, ya ɗora ta a saman na'ura inda duk aikin yake, sannan ya buɗe wa rana shimfiɗa ta gaba ta soma gasa ta. Da a ce yana sauya zaren na'urar gaba ɗaya, da lalataccen ɓangaren ya tafi can ƙasa, lafiyayyen ya zo sama, kuma da matsalar ta daɗe ba ta bayyana ba.

Dalilin da ya sa nailan ke yin haka

Tun da kamfanin DuPont na Amurka ya fito da zaren kamun kifi na nailan a 1939, shekaru kaɗan bayan Wallace Carothers ya haɗa sinadarin a 1935, masu fatsa suka riƙa karɓar sa a hankali saboda yana da danƙo, yana riƙe ƙulli, kuma ba ya ruɓewa a ruwa kamar zaren auduga ko na siliki. Sai dai rashin ruɓewa a ruwa ya sa mutane da yawa suke ɗauka cewa ba ya tsufa. Nailan dogayen sarƙoƙi ne na ƙwayoyin sinadari da aka ja aka jera su a tsaye, kuma ƙarfin zaren yana cikin tsawon sarƙoƙin. Haskokin UV, wato wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, tare da iskar oksijin, suna tsittsinka waɗannan sarƙoƙi daga fatar zaren zuwa ciki. Farin garin da ya fito a yatsun mai gyaran fatar zaren ce da ta rududduge. Gilashin taga na yau da kullum yana tare wani kaso na haskokin, amma yana barin wani kaso mai yawa ya wuce, don haka zaman bayan gilashi ba kariya ba ne. Wannan lalacewa ba ta gyaruwa. Babu jiƙo ko shafa mai da zai sake haɗa sarƙar da ta tsinke.

Zafi kuma yana da nasa aikin. Yana hanzarta lalacewar da haske ya fara, sannan busasshen nailan yana soma sassautawa daga wajen digiri 50 na ma'aunin Salsiyos, zafin da cikin motar da aka rufe a rana ke wucewa cikin sauƙi. Idan zaren ya sassauta yana naɗe, ya kuma huce yana naɗe, sai ya riƙe siffar kwarkwaron, ya riƙa fita a nannaɗe yayin jifa yana dukan zobba. Ya kamata a bambanta wannan da gautsi, domin nannaɗewa ita kaɗai ba hukuncin kisa ba ce ga zare. Sau da yawa idan aka jiƙa kwarkwaron na'ura a ruwa mai ɗumi-ɗumi, ko aka warware zaren aka ɗan ja shi a hankali, yakan miƙe. Wanda ya ƙi miƙewa bayan haka, ko ya miƙe amma ya ci gaba da kaushi, shi ne ya gama aiki.

Saura guntayen masu gashi-gashi. Mai gyaran ya ɗauki 'yar auduga ya zagaya da ita cikin kowane zobe na sandar. A zoben ƙarshe, na can tsinin sanda, sai zaruruwan audugar suka maƙale. Tangaran ɗin da ke cikin zoben ya yi tsaga siririya da ido ba ya saurin gani, irin wadda ke samuwa idan tsinin sanda ya bugi ƙofar mota ko dutse, ko idan aka saba naɗo dalma har ta daki zoben. Duk zaren da ya bi ta kan tsagar da nauyi a jikinsa sai ta kankare shi. Wannan ba ruwansa da tsufan zare. Ko yau aka fito da zare daga masana'anta zai lalace a kanta. Abu na uku da aka tarar shi ne birkin na'urar, wanda aka saba saita shi ya saki zare idan jan ya kai kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren, wato tsakanin kilo 2 zuwa ƙasa da kilo 3 ga zare mai kilo 8. Masuncin ya matse nasa ya wuce haka sosai, don a tunaninsa kifi yana samun damar gudu ne ya kai zaren ga duwatsu. Lafiyayyen zare zai jure wannan matsi. Zaren da ya rasa rabin ƙarfinsa kuwa yakan tsinke kafin birkin ya kai ga saki.

A ganina, cikin ukun, ajiyar bakin taga ce uwar matsalar. Tsagar zobe ta jawo tsinkewa kaɗan, matsin birki kuma martani ne ga tsinkewar da ta riga ta fara. Kuma a nan ne shawarar nan ta a sauya zare duk shekara take nuna iyakarta. Shawara ce mai amfani ga wanda ba ya duba zarensa, amma tana ƙirga kwanakin da zare ya yi a kan na'ura ne kawai, ba ta tambayar inda ya kwana kafin ya hau na'urar. Ainihin shekarun zare su ne adadin rana da zafi da gogayyar da ya sha.

Na'ura ta biyu

Masuncin ya zo da wata na'ura da ke ɗauke da kitsattsen zare, irin wanda ake yi da siraran zaruruwan wani nau'in roba mai suna foliyetilin, waɗanda aka sani da sunayen Dyneema da Spectra, wanda ya yaɗu tsakanin masu fatsa a shekarun 1990. Niyyarsa ita ce ya yar da shi, saboda launinsa na kore ya koɗe ya koma fari-fari, alhali nailan ɗin da ya amince da shi ne ya mutu. Foliyetilin ba ya shan rini, launin da ake gani shafe ne a bayansa, don haka koɗewarsa ba ta cewa komai game da ƙarfinsa. Abin da ake dubawa a kitsattsen zare shi ne gashi-gashi, da wurin da kaurin ya ragu, da inda kitson ya sassauta. An sami haka a 'yan mitocin farko kaɗai, aka yanke su, sauran kuma ya ci gwajin sikeli. Mai gyaran ya juya shi, wato ya naɗe shi a kan wani kwarkwaro, daga nan zuwa na biyu, sannan ya mayar kan na'urar, ta yadda bakin da ya yi shekaru a ƙasa bai taɓa ruwa ba ya dawo sama. Da wannan kitsattsen zare yakan yi shekaru da dama yana aiki, in dai an kiyaye shi daga kaifin dutse, wanda shi ne babban rauninsa.

An kuma tattauna ko ya koma zaren fulorokabon, wani nau'in zaren roba mai kama da nailan a ido, wanda kamfanin Kureha na Japan ya fara fitarwa don kamun kifi a 1971. Haskokin UV ba sa cin sa yadda suke cin nailan, kuma kusan ba ya shan ruwa, don haka ya fi daɗewa a ajiye. Amma yana da tauri, yana saurin riƙe siffar kwarkwaro, kuma idan aka ja shi da ƙarfi, misali wajen ƙwato ƙugiyar da ta maƙale, ba ya komawa yadda yake, wurin ya raunana ke nan ko da ido bai gani ba. Shawarar da aka tsaya a kai ita ce ya ci gaba da nailan a matsayin babban zare, domin ya dace da irin kamunsa, ya gyara ajiya kawai.

Matakan da aka ɗauka

An sauya zoben tsinin sanda, aka saita birkin da sikeli maimakon da ƙiyasin hannu. An warware duk zaren da ke kan na'urar farko. Game da babban kwarkwaron, ana iya cewa a cire shimfiɗun sama a yi amfani da na ciki, tunda sun nuna ƙarfi kusa da na asali, kuma wanda ya yi haka bai yi laifi ba in ya gwada da sikeli. Sai dai nailan marar launi yana barin haske ya ratsa shimfiɗa fiye da ɗaya, kuma zaren ya riga ya yi shekaru a zafi, don haka aka mayar da ragowar abin cike ƙasan na'ura kawai, inda ba a neman ƙarfi.

Sabon zaren da ya saya ƙaramin kwarkwaro ne da zai ƙare cikin shekara ɗaya ko biyu, kuma ya rubuta watan saye a jikinsa. Babban kwarkwaro yana da amfani ne ga mai na'urori da yawa da zai cinye shi da wuri. Ga mai na'ura ɗaya ko biyu, ragowar ce ke tsufa a hannunsa. Yana da kyau ma tun a wurin saye mutum ya guji kwarkwaron da aka jera a inda rana ke bugu, ko wanda takardar jikinsa ta koɗe. Ajiyar ta koma cikin akwati mai murfi da haske ba ya shiga, a ɗaki mai sanyi, nesa da batir da sinadaran wanki masu kilorin, domin asid da kilorin suna cin nailan. Sanduna sun daina wuni a mota. Idan za a daɗe ba a fita ba, yakan sassauta birki, ya cire ƙugiya daga inda ake maƙala ta, don kada zaren ya yi watanni a ɗame yana lanƙwashe a kan zoben ƙarshe. Wanda ke kamu a ruwan gishiri zai ƙara da ɗauraye na'ura da ruwan daɗi, saboda gishirin da ya bushe a tsakanin zare yana da kaifi.

Dubawa kuma ta zama ɓangaren kamu. Kafin jifan farko yakan bi mitocin farko da yatsu, ya yi ƙulli ya ja. Bayan kowane babban kifi ko maƙalewa a dutse ko itace yakan yanke mita ɗaya ko biyu ya sake ƙulli. Alamun da ke sa ya sauya zaren gaba ɗaya ba tare da duban kalanda ba su ne dushewar ƙyalli, da farin gari a yatsu, da kaushin da ya wuce mitocin farko, da ƙullin da ke katsewa yayin ɗaurewa ko da an jiƙa shi. Yakan kuma sauya idan yanke-yanke ya sa zaren ya yi ƙasa sosai da leɓen kwarkwaron na'ura, wanda ya kamata a cika shi har saura milimita 2 zuwa 3, domin ƙarancin zare yana rage nisan jifa. A watannin da suka biyo baya tsinkewar da ba ta da dalili ta tsaya, abin da ya rage sai wadda ake iya nuna dutsen ko kututturen da ya jawo ta.

Tsohon zaren da aka warware ba a jefa shi yadda yake ba. Nailan da ya yi rauni ga kamun kifi yana da isasshen ƙarfin da zai ɗaure ƙafar tsuntsu ko kunkuru, ko ya naɗe a farfelar injin kwale-kwale ya cinye robar da ke hana ruwa shiga, kuma yana ɗaukar shekaru masu yawan gaske kafin ya narke. A wasu ƙasashe ana ajiye akwatunan tattara shi a bakin ruwa, kamfanin Berkley na Amurka ma yana karɓar tsohon nailan yana sake sarrafa shi tun 1990. Inda babu irin wannan tsari, abin da aka yi a nan ya wadatar: an naɗe zaren a tafin hannu, aka sa almakashi aka yanke naɗin gida biyu ya zama guntaye gajeru, aka ƙulle su a jaka kafin a zuba a shara.